Tumfafiya a Duron Yakuwa

Gidanmu a unguwar Utaibiyya ta Makka hawa huɗu ne, lambun kuma yana can sama, tsakanin tankin ruwa da igiyar shanya. In na ce lambu, ina nufin bokitan fenti goma sha ɗaya, da akwatunan kumfa uku irin na masu kifi, da rabin duro guda. Kakata ta wajen uwa ce ta kafa shi tun ba a haife ni ba. Da gwiwoyinta suka daina yarda da matakala, sai aikin ya faɗo kaina, domin ni kaɗai ne a gidan ba na zuwa ko'ina in an tashi daga makaranta.

A shekarar da wannan abu ya faru ina shiga shekara ta biyu a jami'a, sashen Shari'a. Ina da wani littafi mai layi da nake rubuta duk abin da ya shafi lambun: ranar shuka, ranar tsiro, da yawan ruwan da kowane bokiti ya sha. Ruwan kuwa wanda mukayyif ke ɗigarwa ne. Kowace na'urar sanyaya ɗaki a gidan na ajiye mata jarka a bakin bututu, bayan sallar Asuba in bi in tattara, in hau da su bibbiyu. Na falon Kawu ya fi kowanne albarka, don ba ya kashe shi ko da zai tafi tashar Kudai ɗaukar fasinja.

Ƙarshen zafi a Makka ba lokacin lambu ba ne. Tumatir ya mutu tun watan Yuni. Barkono yana fure yana zubarwa. Na'ana'a da lalo da ɗoɗɗoya suna lallaɓawa a ƙarƙashin koriyar raga, lemun tsami kuma yana nan yadda yake, shekara uku 'ya'ya huɗu. Kuɓewa ce kaɗai take sha'aninta kamar ba ta san garin da take ba. A ƙarshen Agusta tsofaffin unguwa sukan ce tauraron Suhail ya fito, zafi zai fara sauka. Nakan duba ma'aunin da na rataya a jikin tanki, in tarar shi labarin bai iso shi ba.

A cikin rabin duron nan akwai farar yakuwa, tushe ɗaya. Jar yakuwa ba ta da wuya, busasshen zoɓonta buhu-buhu ake kawo shi daga Sudan. Farar kuwa, Kaka ta ce mahaifiyarta ce ta ƙullo irin a bakin zane lokacin da suka taho a ƙasa, suka yi shekaru a hanya, suna noma suna ƙara gaba. Tun daga nan kowace shekara ake shuka ta a gidan, a ci ganyen, a bar ta ta yi 'ya'ya, a zuba gurguzun, wato ƙwayar irin, a wani tsohon gwangwanin shayi. Shekarar da na karɓi lambun na kashe ta da yawan ruwa. Shekara ta biyu tantabaru suka cinye tsiron. A ta uku ƙwaya tara ce ta rage a gwangwanin. Na shuka huɗu, babu wadda ta fito. Na shuka biyar ɗin, ɗaya ta fito.

Kaka ta wanke gwangwanin, ta kife shi a kan kabad inda zan riƙa ganinsa duk lokacin da na shiga gaishe ta. Ta kuma kafa doka: bana ba mai tsinkar ko ganye ɗaya. Yakuwa ba ta fure sai yini ya fara gajarta, wajen Oktoba. Aikina shi ne in kai ta can da ranta.

A makon farko na Agusta na ga wani tsiro a gefenta, tazarar yatsu huɗu, mai ganye biyu masu kauri da fari-fari kamar an barbaɗa musu gari. Na rubuta a littafi: "Baƙon tsiro, ba a san ko wane ne ba." Na ba shi mako biyu don ya bayyana kansa. Ya bayyana, ya kai tsawon hannuna daga gwiwa zuwa yatsa. Na ɗauki hotonsa a waya na sauko wa Kaka da shi.

Ta kai wayar nesa da fuskarta, ta dawo da ita kusa.

"Tumfafiya ce," in ji ta. "Ushar ɗin Larabawa. Maigida, kai ka shuka?"

Haka take kirana, da wasan jika da kaka.

Na ce a'a, iska ce ta kawo.

Ta ce, "To." Ta miƙo mini wayata.

Duk wanda ya tashi a Makka ya san abin da "to" ɗin nan ke ɗauke da shi. Garin Harami ne. Abin da ya tsiro da kansa a cikin iyakarsa, muddin yana ɗanye, ba a yanke shi, ba a tuge shi. Abin da mutum ya shuka da hannunsa kuwa nasa ne, ya yi yadda ya so. Kaka ce ta fara koya mini wannan, da rankwashi, ina ɗan shekara shida, ranar da na fizgi wata ciyawa a gefen hanya muna dawowa daga masallaci. Daga baya na karanta shi a littattafai, amma ban taɓa ji ya shige ni kamar na ranar ba.

Tumfafiya ba ta jin zafi, ba ta jin ƙishi, in kuma ta samu ruwa ba ta raina shi. Jarkar da nake zuba wa yakuwa kullum, ashe su biyu nake shayarwa. Kafin watan ya ƙare ta kamo yakuwar a tsawo. Ganyen yakuwar na ƙasa ya fara yin rawaya yana faɗuwa, na sama kuma yakan lanƙwashe tun ƙarfe tara na safe. Na ƙara ruwa. Tumfafiyar ta fitar da reshe na biyu.

Kullum in na sauko, Kaka takan tambaye ni.

"Yaya mutuniyar?"

"Ganye uku sun faɗi."

"Ɗayar fa?"

"Lafiya lau take."

"Ni dai ban ce ka cire ba," in ji ta. "Ka ji na ce ka cire?"

"Ban ji ba."

"Yakuwata dai tana ramewa. Shi ke nan abin da na ce."

Na koma ga littattafai. Na ja layi a takarda na raba ta gida huɗu. Wasu malamai sun ce wanda ya tuge ƙaramar bishiya rago ne a kansa. Wasu sun ce babu ramuwa, sai dai zunubi da istigfari. Wasu sun yi sauƙi a kan abin da ke cutarwa, kamar ƙaya. Na hau na duba, tumfafiya ba ta da ƙaya. A gida na ukun na ƙara da cewa an yarda dabba ta yi kiwo, ta ci da bakinta. Abin da ban samu ba shi ne hukuncin tsiron da ya fito a rabin duro, a saman bene, cikin ƙasar da aka sayo a leda daga wajen masu sayar da shuke-shuke. Gida na huɗu a takardar haka ya zauna babu komai.

An koma karatu a makon, sai na yanke shawarar tambayar malamin da ke koya mana fiƙihu. Ni ba na ɗaga hannu a aji. Na rubuta tambayar a takarda, na gyara ta sau biyar. Ranar Lahadi na bi shi har bakin motarsa, ya waiwayo, na yi masa sallama, ya amsa, na wuce. Ranar Talata ma haka. Ranar Alhamis na miƙa masa takardar. Ya karanta a tsaye cikin rana.

"Hawa na nawa?" ya tambaya da Larabci.

"Na huɗu, ya duktur."

"Ƙasar daga ina?"

"A jikin ledar ba a rubuta ba."

Ya gyaɗa kai. "Mas'ala ce mai kyau. Ka rubuto mini bincike a kanta, shafi goma. Ka kawo a ƙarshen zango."

Ƙarshen zango Disamba ne. Na yi masa godiya.

Da Kawu ya ji labarin, dariya ya yi har ya ajiye kofin shayinsa. Ƙanin mahaifiyata ne, direba, mutum ne mai yawan magana da saurin yanke hukunci.

"Ya shehi, kai da littattafanka. Ciyawa ce fa. Ba ni safar hannu, yanzu in gama muku da ita."

Muka hau bayan La'asar. Ya sa safar hannu, ya naɗe hannun riga, ya tsaya a gaban duron. Ya zagaya shi. Ya sunkuya ya duba gindin.

"Ta girma fa," in ji shi.

"Ta girma."

"Rago ka ce?"

"A wajen wasu. Wasu sun ce istigfari ya isa."

"Su wa suka fi yawa?"

Na fara yi masa bayani, ya ɗaga hannu. Ya ce gobe yana da fasinja zuwa Ɗa'if, kuma na san hanyar dutsen nan da kwanoninta. Ba yau ba. In ya dawo lafiya a duba. Ya cire safar ya ninke ta da kyau ya ba ni. Muna saukowa ne na ambaci maganar kiwo, don kawai in cika masa jerin maganganun. Ya tsaya cak a kan matakala.

"Ka san da wannan tun ɗazu ka bar ni na sa safa?"

Wani maƙwabcinmu, mutumin Chadi mai shagon kayan miya, yana da awaki biyu a bayan gidansa. Kawu ya aro ɗaya ranar Asabar. Akuya ba ta hawa matakala in ba ta ga dama ba, wannan kuwa ba ta ga dama ba. Kawu ya ɗauki gaba, na ɗauki baya. A hawa na biyu Kaka ta leƙo daga ƙofarta.

"Wannan kuma wace baƙuwa ce?"

"Mufti ce, Hajiya," in ji Kawu yana haki. "Fatawa za ta bayar."

Na riga na naɗe yakuwar da tsohon zanen gado na ɗaure. Muka kai akuyar gaban tumfafiya. Ta shinshina ganye ɗaya, ta yi atishawa, ta juya. Kawu ya juyo da kanta, ta sake juyawa. Daga nan igiyar ta suɓuce masa. Cikin abin da bai kai minti biyar ba ta gama da na'ana'a, ta ci rabin lalo, ta yage ɗoɗɗoya, sannan ta nufi zanen gadon ta fara jan bakinsa. Na rungume duron ta baya, Kawu ya kama ƙafafun akuyar. A littafina na ranar na rubuta: "An gwada kiwo. Na'ana'a, duka. Lalo, rabi. Tumfafiya, babu."

Washegari na shiga gaida Kaka. Tana tsince shinkafa a faranti. Na gaya mata ganyen da ya rage a yakuwar bai kai rabin na watan jiya ba, kan tsiron ma ya daina fitar da sabo. Ta daɗe tana tsintarta.

"Maigida, a cikin su biyun wacce ka shuka?"

"Yakuwar."

"To wacce aka yarda ka tuge?"

 A takardata mai gida huɗu ban ja wa wannan layi ba.

Na ce, "Kaka, ta girma. Ba a dasa yakuwa in ta kai haka, balle a wannan zafin. Tana iya mutuwa."

"Tana iya."

"Kuma babu wani irin."

Ta kalli gwangwanin a kan kabad, ta dawo da ido kan shinkafarta. "Na sani, ni na wanke shi. In za ta mutu, ta mutu a hannunka. Ba na so in gamu da uwata in ce mata tumfafiya ce ta cinye."

Na zaɓi bayan La'asar, lokacin da inuwar tanki ke rufe duron. Kayan aikina cokali ne, da buta, da tsohon buroshin haƙori, da almakashi. Kawu ya taya ni kwantar da duron a gefe, sannan ya zauna a kan bokitin da aka kife yana ba da shawara. Na riƙa kwashe ƙasa da cokali, ina zuba ruwa da buta, har saiwoyin suka bayyana. Sun sarƙe da juna kamar zaren da yara suka yi wasa da shi. Ta tumfafiya mai kauri ce, ta miƙe har gindin duron ta naɗe. Ta yakuwa sirara ce, ta bi ta ko'ina. Inda suka rabu da buroshi, na raba su. Inda suka ƙi, na yanke ta yakuwar, domin ita ce tawa. Kowane yanka sai na tsaya na sake dubawa kafin in matsa almakashin. Na kiyasta ta rasa kashi ɗaya cikin uku na saiwarta.

Na dasa ta a bokitin da tumatir ya mutu a ciki, na danna ƙasa, na ba ta ruwa, na ja ta ƙarƙashin raga. Sannan na tayar da duron na fara mayar wa tumfafiya da ƙasarta.

Kawu ya ce, "Ita ma gyara mata shimfiɗa za ka yi?"

"In na bar saiwarta a waje ta bushe, ni na kashe ta."

"Ka ba ta ruwa ma mana, ta sha wahala."

Ban ba ta ba. Na duba, babu wanda ya wajabta.

Shukar da ta rasa saiwa ba ta iya ɗaukar ganye da yawa, don haka na rage wa yakuwar kusan duk ganyenta, na bar shida a sama. Sauran na zuba a kwano na sauko da su ana kiran Magariba. Na ajiye a gaban Kaka ina jiran faɗa, tunda dokarta na karya. Ta ɗauki ganye ɗaya ta tauna. Washegari da kanta ta shiga kicin, ta zauna a kujera gaban murhu ta yi fate da shi. Rabon gidan da faten farar yakuwa shekara uku. Ta ci nata, sai da ta gama ta ce gishiri bai ji ba.

Kwana ɗaya, yakuwar ta sunkuyar da kai. Kwana biyu, ganye biyu suka bushe. Kwana uku, wasu biyu. Na huɗu ban rubuta komai a littafi ba sai kwanan wata. Da Kaka ta tambaye ni mutuniyar, na ce ban sani ba. Ta ce wannan ne karo na farko da ta ji ɗan jami'a ya faɗi haka.

Rana ta biyar, bayan Asuba, na fito da jarkoki sai na tarar da ita a gindin matakala da sandarta, ta yafa mayafi kamar mai zuwa unguwa.

"Ɗauko kujerar roba," in ji ta.

Daga hawanta zuwa sama matakala talatin da takwas ne. Takan hau biyar, in ajiye kujera ta zauna, ta huta, ta miƙe, in ɗauki kujera. Ba ta yarda na riƙe ta ba. Mun fi rabin awa. Da muka fita sarari rana ta riga ta taɓa kan duwatsu, tantabaru suna kan tanki. Ta bi bokitan da kallo ɗaya bayan ɗaya, ta tsaya a kan akwatin na'ana'a da ya zama fili. Na ajiye mata kujera a gaban yakuwar. Sanda ce kawai mai ganye biyu a rataye.

Ta kai farcen babban yatsanta ta ɗan kankare jikin karan, kusa da ƙasa. Ta sunkuya ta duba. Ta ce in zo in duba, idona ya fi nata. Ƙarƙashin ɓawon kore ne, da ɗan danshi.

"Da ranta," in ji ta. "Ka rage ruwan nan. Kai komai sai ka cika shi."

Sannan ta juya wajen duron, inda tumfafiya ke tsaye ita kaɗai, ganyenta faffaɗa, ko ɗaya bai lanƙwasa ba.

"Ke kuma sannu da hutawa," ta ce mata.

Saukowa ta fi hawa daɗewa.

A rana ta tara wani ɗan kore ya ɓullo a hammatar ganye. Reshe ɗaya tak ta yi, bai kai wanda ta rasa ba. A ƙarshen Oktoba ya yi fure, fari mai ɗan rawaya, kowanne ya buɗe da safe ya rufe kafin Azahar. Bakwai suka kama. Na ɗaura wa kowanne ɗan ƙyalle saboda tantabaru. A Disamba suka bushe suka tsage, na murza su a faranti, na bushe ƙaiƙayin, na kai wa Kaka. Ta sa na sauko da gwangwanin, ta goge cikinsa da bakin mayafi, ta zuba, ta rufe, ta kai kunne ta girgiza. Ta sake girgizawa.

A makon ne na miƙa binciken, shafi goma sha huɗu. Ya dawo da maki mai kyau, da rubutu da jan biro a ƙarshe cewa na kawo maganganun duka amma ban rinjayar da ko ɗaya ba.

Tumfafiyar tana nan. Ban ƙara ba ta ruwa ba, yanzu ta fi ni tsawo. Takan yi 'ya'ya masu kama da ƙwallo, in sun fashe audugarsu ta bi iska ta zagaye saman gidan. A irin lokacin nakan lulluɓe bokitan duka da tsohon labule, in danne gefensa da bulo.

Da lokacin shuka ya zagayo na je karɓar iri. Gwangwanin ya bar kan kabad, ya koma cikin akwatinta mai makulli. Ta buɗe, ta juya mini baya, ta zaɓo ƙwaya uku ta zuba a tafina.

Na ce, "Kaka, uku ba za su isa ba."

Ta mayar da murfin, ta kulle akwatin. Ta ce in na gama karatu za ta ƙara.